Fatar akuya ce ta kai ni ajin Italiyanci a Perugia

Mu gidanmu fata muke sayarwa. Tun ina firamare nake bin Baffa sito, warin gishiri da ɗanyar fata ya zauna min a hanci har na daina jinsa, sai baƙo ya shigo ya toshe hanci sannan na tuna wai ashe akwai wari. Ta akuya da ta tumaki muke tarawa daga wajen mahauta da kasuwannin ƙauye, a kai majema a Sharaɗa ko Chalawa a jeme, a tantance, a ɗura a kwantena, kuma duk wanda ke wannan harkar ya san Italiya ce babbar kasuwar, musamman in ana maganar jar akuyar Sakkwato. Toh shekara da shekaru akwai wani mutum a tsakaninmu da masu sayen, shine dillali shine tafinta, kuma kusan duk kwantenar da ta tafi sai ya bugo yace wai sun ce lamba biyu, wato fata mai aibi, tayi yawa a cikin kayan, sai an rage kuɗi. Wata rana aka turo takardar ƙorafi shafi uku da Italiyanci, na zuba ta a Google Translate ya fito min da wani shirme da ba kai ba gindi, Baffa ya kalle ni ta saman tabarau yace "kai duk bokon naka dama iyakarsa Turanci?" Maganar nan ce ta tsaya min a rai.

Na yi wata huɗu ina fama da Duolingo a waya, kullum bayan sallar asuba, har na iya cewa yaro yana cin tuffa, mace tana shan ruwa, amma da na kunna rediyonsu a intanet ko kalma biyar ban tsinta ba. Sai na fara binciken inda ake zuwa a zauna a koya. Italiya suna da jami'o'in da aka gina musamman dan koya wa baƙi yarensu, fitattun sune ta Perugia da ta Siena, ni na zaɓi Perugia saboda kwas ɗin wata-wata ne, kana iya biyan wata ɗaya ko biyu ka tafi abinka, kuma garin ɗalibai ne haya bata kai ta Roma ko Milan ba. Sunanta Università per Stranieri, wato jami'ar baƙi, tun 1921 aka fara darussan, a 1925 ta zama hukuma mai zaman kanta. Peruja ake furtawa, ba Perugiya ba kamar yadda na yi ta faɗa har na isa.

Rajista ba wahala, a intanet na cike na biya kuɗin Yuli da Agusta suka turo takardar shaida. Biza ce aikin. Tunda zaman bai kai kwana 90 ba ta gajeren zama na nema, aka buƙaci takardar makarantar, shaidar inda zan sauka, inshorar lafiya mai ɗaukar har Yuro 30,000, bayanan asusun banki, tikitin zuwa da dawowa, sai na ƙara da takardun rajistar kasuwancinmu da wasiƙa da na rubuta da kaina na bayyana dalilin da mai sayar da fata zai je koyon yare, inaga wannan wasiƙar ta taimaka. Aka ɗauki hoton yatsu aka karɓe fasfo, sai jira. Wanda zai yi ya fara tun saura wata uku, dan ni saura kwana tara tafiya fasfo ya dawo, a lokacin har na rame.

Rigimar gida kuma daban. Shekarar 2022 ce, Babbar Sallah ta faɗo 9 ga Yuli, kuma mai harkar fata ya san abinda wannan ke nufi, kwanakin layya sune kakarmu, sito cika yake har waje, ana zuba gishiri dare da rana. Baffa yace "duk watannin Allah goma sha biyu ka rasa lokacin tafiya sai lokacin layya?" Nace Baffa ku yi haƙuri, lokacin ne ajin bazara. Yayi shiru can yace "Allah ya sa ka dawo da abinda ya fi fatun da za ka bari." Ban san ko addu'a bace ko gori.

Daga Kano na bi ta Alƙahira na sauka Fiumicino, filin jirgin Roma, na hau jirgin ƙasan da ke kaiwa tashar Termini cikin gari a minti 32, daga nan na shiga na Perugia da takunkumi a fuska dan a lokacin ba a shiga motar haya ko jirgin ƙasa babu shi. A nan na fara cin karo, ashe tikitin takarda sai ka zura shi a wata ƴar na'ura a bakin dandamali ta buga masa kwanan wata kafin ka shiga, ni ko na ninke nawa na sa a aljihu kamar kuɗin sadaka. Mai duba tikiti ya zo yana ta bayani yana nuna min tikitin, kalma ɗaya na kama, multa, dan na taɓa ganinta, tara kenan. Na tattaro duk Italiyancin wata huɗu nace "scusi, primo giorno", yi haƙuri, ranar farko. Ya dube ni ya dubi akwati, ya zaro biro ya rubuta kwanan wata a jikin tikitin ya wuce. Na canza jirgi a Foligno, wajen la'asar na iso.

Ba wanda ya gaya min garin a kan tsauni yake. Tashar tana ƙasa, tsohon garin yana can sama, sai ka hau wani abu da suke kira Minimetrò, ƴan ƙananan tarago marasa direba da igiyar ƙarfe ke ja, a 2008 aka buɗe shi, in ka sauka kuma sai matakala, sai lungu, sai wata matakalar. Mutumin Kano da duk hawan da ya sani bai wuce Dala da Goron Dutse ba, ga akwati kilo 23, wallahi sau uku ina zama a hanya. Satin farko ƙwaurina kamar an dake shi da taɓarya.

Ɗaki na kama a gidan wata tsohuwa, mijinta ya rasu ƴaƴanta suna wani garin, Turanci ko "zo" bata sani ba. A ranar naji haushin hakan, yanzu ko ina ganin a duk kuɗin da na kashe babu wanda ya biya ni kamar na ɗakin nan. Ta riƙe ni kusan awa guda a kicin tana nuna min bokitan shara, wannan na ragowar abinci, wannan na roba, wannan na takarda, wannan na kwalba, kowanne da ranar fitar da shi, ina ta gyaɗa kai ina "sì, sì" ban fahimci komai ba. Abu ɗaya da ya faranta min a daren shine banɗaki, akwai wani kasko na wanki a gefen masai da kusan kowane gida ke da shi, bidet, nace alhamdulillahi butar da na ƙunso ta huta.

Washegari gwajin tantance aji a Palazzo Gallenga, babban ginin jami'ar, wani tsohon gidan masu sarauta na ƙarni na 18, yana kallon wata ƙofar gari ta dutse da Etruskawa, mutanen da suka zauna yankin a zamanin da, suka gina tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, har yau mutane na wucewa ta cikinta kamar yadda muke wuce Ƙofar Nasarawa. Aka yi na rubutu, sai wata malama ta zaunar da ni tana tambaya, sunana, daga ina, me ya kawo ni. Matakan shida ne daga A1 zuwa C2, aka jefa ni A2. Ajinmu ba a babban ginin yake ba, a wasu ƙananan gine-gine ne cikin bishiyoyi can gangare, kuma ɗayansu sunansa Prosciutti, wanda in ka fassara kai tsaye cinyoyin alade ne da aka busar. Sunan wani tsohon babba ne a jami'ar, amma da na gaya wa ƴan gida a waya sai da aka yi sati ana tsokanata.

Ajin kamar hajji. Ƴan Sin da ke shirin shiga jami'o'in Italiya, ƴan Koriya biyu masu koyon waƙar opera, ƴan Amurka da makarantarsu ta turo hutun bazara, wani Bajapane mai dafa abinci, sista biyu daga Indiya, ɗan Libiya, sai wani fada ɗan wajen Jos da cocinsu ta turo zai wuce karatu Roma. Ranar farko da yaji nace Kano sai ya juyo yace "malam ina gajiya", na kusa rungume shi. Amma shi ya kawo shawarar da ta cece mu, yace in muka sake muka zauna tare Hausa za mu yi ta zubawa har wata biyun su ƙare, dan haka Hausa sai ranar Lahadi da yamma, sauran kwanaki ko a hanya muka haɗu sai Italiyanci. Mun karya dokar ba sau ɗaya ba amma dai ta yi aiki.

Kusan awa huɗu kullum, Litinin zuwa Juma'a, kuma malamar tun daga gaisuwa har tashi babu Turanci ko ɗigo. In baka gane kalma ba sai ta zana, ko ta kwaikwaya, ko ta kawo wata kalmar Italiyancin da ita ma baka sani ba. Jimla uku na rayu da su a kwana goman farko, non ho capito, ban gane ba, può ripetere, a maimaita min, da come si dice, yaya ake cewa. Kullum da ciwon kai nake komawa gida, kuma daga baya na gano dalilin, hanya nake zagayewa, in ta yi magana sai na juya ta Turanci, daga Turanci na kai ta Hausa na fahimta, sannan na ɗauko amsa da Hausa na mayar Turanci na mayar Italiyanci, kafin na iso ajin sun wuce shafi biyu. Kamar mai zuwa Wudil daga Kano ya bi ta Kaduna.

Ranar da abin ya juya bazan manta ba. Malama ta rubuta kalmomi bibbiyu a allo, nono da nonno, na tara da kaka namiji, sete da sette, ƙishirwa da bakwai, pena da penna, wahala da alƙalami, capello da cappello, gashi da hula, sai ta ƙara da anno, shekara, tace wannan ku kula da shi sosai dan in kuka sauke n ɗaya kun koma maganar wani wuri a jiki da ba a faɗa a aji. Tana furtawa muna nuna wanda ta faɗa. Ƴan Amurka suka rantse duk ɗaya suke ji, ƴan Sin suna canka. Ni ko ina zaune ina mamakin me ye abin wahala a nan, ai baba da babba ne, daba da dabba. Goma ta faɗa goma na ci. Ta sa na karanta, na karanta, sai ga r ɗin da ƴan ajin ke ta fama da ita wata da watanni tana fita daga bakina ba ko gargada, irin ta "tara" da "barka" ce. Ta tambaye ni yarenmu, nace Hausa, ta sa na rubuta baba da babba a allo na koya wa aji. Ranar na ji ni wani ne.

Daga nan na sayi sabon littafi na raba shafi biyu, hagu Italiyanci dama Hausa, Turanci na sallame shi. Sai abubuwa suka fara faɗawa wurinsu. Jinsin suna da ke gigita masu Turanci mu a nono muka sha shi, mota ta tafi, gari ya waye, kuma su ma yawancin na mace da a suke ƙarewa kamar namu, casa, porta, macchina. Suna da fanɗararru irin il problema da yake namiji, mu ma ai gida da ruwa da nama duk da a suka ƙare kuma maza ne. Inda muka raba hanya shine sama, su rana namiji ce wata kuma mace, il sole, la luna, na daɗe ina cewa la sole dan raina ya ƙi yarda rana ta zama namiji. Namiji yace sono andato mace tace sono andata, wannan ma bai ban tsoro ba tunda mun saba da ka tafi da kin tafi. Bambancin passato prossimo da imperfetto, hanyoyinsu biyu na faɗin abinda ya wuce, da aka kwashe sati ana yi, na rubuta a gefe "na je" da kuma "a da ina zuwa, nakan je", ba daidai ɗari bisa ɗari bane amma ya fi duk bayanin Turancin da na karanta. Waɗanda Hausa bata taimake ni ba sune ƴan ƙananan kalmomin nan nasu, "a", "in", "da", "di", "su", sai "ci" da "ne", har yau in na zo kansu addu'a nake na wuce.

Toh amma inda Hausa ta ɗaga ni nan ta kayar da ni. Aka ce kowa ya tashi ya faɗi sana'arsa, na miƙe da ƙarfin gwiwa nace ina sayar da "felle". Malama tace me? Na maimaita. Fata dai pelle ce, da p, kalma ɗaya tilo da na ƙetare hamada da teku dominta, ita ce bakina ya ƙi. Mu p da f a wajenmu abu ɗaya ne, haka b da v. Su ko pila batir ne fila layi ne, patto yarjejeniya fatto kuma an gama, bene lafiya lau vene jijiyoyi. Tace na samu madubi, in zan ce p leɓe biyu su haɗu su rufe ruf sannan su fashe, in zan ce f ko v haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa. Haka na koma kullum da safe a banɗaki ina pelle, pelle, pelle, venti, venti, vino, har tsohuwar ta ƙwanƙwasa wata rana tana tambaya ko lafiya, da ta gane sai ta mayar da shi aikinta, ina fitowa shan shayi sai ta ɗaga burodi tace me ye wannan, sai nace pane da p mai kyau sannan ta miƙo.

Ita wannan tsohuwar na yi mata laifi biyu a sati ɗaya. Na farko nace mata ciao, ashe ciao na abokai ne da yara, babba sai buongiorno, kuma ba a ce masa tu, wato "kai", sai Lei, wanda asalinsa "ita" ne ko da namiji kake magana da shi, wato kamar ka tsaya gaban dattijo kace "ita tana lafiya?" Na biyu kuma, na ga kwana na neman ya yi nisa ban gaishe ta gaisuwar mutunci ba, sai na shirya na fassara tamu, na tambayi gida, na tambayi yara, na tambayi aiki, duk tana murmushi, sai na kawo ina gajiya, come va la stanchezza. Fuskarta ta canza, ta tafi madubin falo tana shafa ƙasan ido tana tambayata wai ta yi kama da marar lafiya ne. Da ƙyar da hannu da ƙamus na fahimtar da ita cewa a wajenmu amsar kawai "ba gajiya" ce. Daga ranar in na dawo daga makaranta ita ke tare ni da come va la stanchezza, ni kuma nace niente stanchezza.

Abinci sai da lura. Senza maiale, babu alade, na haddace tun a jirgi, amma bai isa ba dan ba ko yaushe sunansa ke fitowa ba, prosciutto, pancetta, guanciale, salame, porchetta duk shine, ga strutto, kitsensa, da ake sawa a wasu kayan fulawa baka gani. Na koyi juya leda na karanta bayanta, kuma gaskiya rabin kalmomin abinci da na sani daga bayan leda na same su. Nama sai wajen mahautan Maroko da ƴan Bangladash a kusa da tasha. Kilishi kar ma mutum ya ɗauko, ba a shiga Turai da nama, yajina kawai na kai. Akwai wani abu nasu torta al testo, gurasa ce sak, a kan faifan dutse ko ƙarfe ake gasawa a tsaga a cusa ganye da cuku, ranar da na barbaɗa mata yaji sai gani a Jakara. Burodin garin kuma lami ne ba gishiri, na ɗauka mantuwa aka yi, tsohuwar tace a'a, a 1540 Fafaroma Paul na 3 ya ƙaƙaba musu harajin gishiri suka yi tawaye, ya murƙushe su ya rushe gidajen manyan garin ya gina ganuwa a kai, Rocca Paolina, su dai mutanen garin sun ce tun lokacin suka daina sa gishiri a burodi. Ganuwar tana nan, matakala mai tafiya da kanta ta cikinta take bi, kana hawa kana wuce tsofaffin titunan da aka binne. Na ce mata mu da muke zuba gishiri buhu-buhu a kan fata da mun shiga uku a zamanin.

Ranar Sallah Asabar ce ba aji. Na sa shaddata na bi wasu ƴan Maroko zuwa inda aka yi idi, huɗuba rabi Larabci rabi Italiyanci, kuma abin mamaki sai na ji ina tsintar na Italiyancin, sacrificio, figlio, montone, layya, ɗa, rago. A can ba a yanka a gida, sai a mayanka mai lasisi, ka biya mahauci ka karɓi namanka a leda. Na je shagon ina kallon mutane na karɓa, zuciyata na sito, na san a wannan sa'ar yara na shigowa da fatu a baro Baffa na tsaye da carbi yana faɗa. Ban san sanda na tambayi mahaucin ba, e le pelli, fatun fa? Yace a mayanka ake barinsu, shi ba ruwansa da su. Nace a garinmu fatar nan ita ce abincinmu, ya ajiye wuƙa yace kamar yaya, na fara bayani, yadda ake feɗewa ba a huda ba, yadda ake sa gishiri tun tana ɗumi, yadda ake jima da bagaruwa a gargajiyance, ina kame-kame ina nuni da hannu yana cika min kalma. Sai da na fito na duba agogo na ga mun yi minti ashirin, kuma ko sau ɗaya ban bi ta Turanci ba. Da daddare garin ya cika da kiɗa dan lokacin bikin Umbria Jazz ne, ni ko na zauna a matakalar babbar coci gaban Fontana Maggiore, tsohuwar maɓulɓular ruwan tsakiyar gari, na kira gida aka nuna min sito ta bidiyo, sai da na share ido.

Ranar 21 ga Yuli firaminista Mario Draghi ya yi murabus, malama ta ajiye littafi ta shigo da jaridu, muka koyi dimissioni da fiducia da elezioni, murabus da amincewar majalisa da zaɓe, tace kar mu damu, tun 1946 sun yi gwamnati kusan 70. A gida tsohuwar tana gaban talabijin tana zazzaga wa ƴan siyasa, a daren na samu kalmomin da babu su a littafin A2, da na maimaita ɗaya a aji washegari malama ta rufe baki tace a ina ka ji wannan.

Ba komai ne daɗi ba. Baƙar fata da koren fasfo, wasu kallon wanda ya shigo ta kwale-kwale suke maka, an taɓa tsayar da ni a tasha a nemi takardu alhali Turawan da muke tare ba wanda aka kalla, tun ranar ban ƙara fita ba kwafin fasfo da katin makaranta ba. Su kuma waɗanda suka shigo ta kwale-kwalen na haɗu da su, wani yaro ɗan wajen Tawa da ya bi ta Agadas da Libiya, yana aiki a gonakin taba a arewacin Umbria, yankin da Perugia take, bai taɓa zama a aji irin nawa ba amma in yana magana da direban bas sai ka rantse a nan aka haife shi. Yaji ina haɗa jimla a hankali kamar mai jera ƙwai sai yayi dariya yace "yaya kai kuɗi ka biya kake tsoron kuskure, mu yunwa ce ta koya mana."

Agusta aka ɗaga ni B1, aka fara leƙa congiuntivo, sigar aikatau ta fata da shakka, wanda har su kansu ƴan ƙasar ke tuntuɓe a kai. Zafi ya kai inda ya kai, gidan ba na'urar sanyi sai fanka, magariba har wajen takwas da rabi. A nan na yi wautar da ta fi kowacce, na tsara zan je Solofra tsakiyar wata in ga masu sayen kayanmu, ban san 15 ga Agusta ba, Ferragosto, ƙasar gaba ɗaya rufewa take a tafi bakin teku, shaguna da takarda a ƙofa chiuso per ferie, an rufe an tafi hutu, majemu kuwa sati biyu zuwa uku suke yi a kulle. Tikitin ya tafi a banza. Sai ƙarshen wata bayan mun yi jarrabawar aji an bamu takardar shaida na samu zuwa. Ita takardar ta halarta ce, mai son shaidar da hukuma ke karɓa sai ya zauna CELI, wadda wannan jami'ar ke shiryawa, ko CILS ta Siena, ni ban zauna ba dan ba takarda na je nema ba.

Solofra ƙaramin gari ne a lardin Avellino can kudu, aikinsu jimar fatar tumaki da awaki, ina sauka daga mota hancina ya gaya min na iso gida. Mai majemar dattijo ne, yana buɗe baki yace min voi, ba tu ba ba Lei ba, ashe a kudu har yanzu da "ku" ake girmama mutum kamar dai yadda nake ce wa Baffa. In ya juya wajen ma'aikatansa kuma sai ya koma yaren garinsu, ko kalma ban kama ba, wata biyun nan kamar ban yi ba. Ya sa aka ɗauko bandir daga kayanmu aka baza a tebur ƙarƙashin fitila, yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, questa è prima scelta, wannan lamba ɗaya ce, questa no, ya sa yatsa a wani siririn layi, taglio, yankan wuƙa wajen fiɗa, wannan graffio, ƙaya ce ta karce ta tun akuyar na da rai, wannan tabon kaska, wannan kuma gishiri ne bai ratsa ba gashi ya zube fuskar fatar ta lalace. Duk na san su, da Hausa na san su tun ina yaro. Na tambaye shi kashi nawa ya samu lamba biyu a kwantenar da aka yi rigima a kanta, ya buɗe littafi ya nuna min, na duba wanda aka gaya mana a waya, ba ɗaya bane. Ƙorafin gaskiya ne akwai shi, amma an ƙara masa gishiri a hanya, irin gishirin da ya kamata a ce fatun aka zuba wa.

A bakin ƙofar majemar na kira Baffa na zayyana masa komai, yayi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Can yace "toh ba shi wayar." Nace Baffa ai ba ya jin Hausa. Yace "na sani, kai me ye amfaninka a wajen? Ka ce masa ina gaishe shi, ina gajiya." Na rufe wayar da tafin hannu nace Baffa wannan ɗin dai ku bari na tsallake ta.